Shin da gaske mu 'yan Afirka ba mu da jinin Niyandatal?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na koyon aikin jinya. Musu ne ya kaure a ɗakinmu kan wani bidiyo da ke yawo a waya, inda wani ke cewa Turawa da Larabawa da 'yan Sin duk suna da jinin wasu mutanen kogo da ake kira Niyandatal, mu baƙar fata kuwa ba mu da ko ɗigo, saboda haka mu ne mutane na asali tsantsa. Wata ta ce ƙarya ce duka, wata kuma ta ce maganar ma ta saɓa wa addini. Mece ce gaskiya, kuma mu Hausawa ina muka tsaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Mai bidiyon nan tsohon labari ya tsinta, wanda aka daɗe da yi wa gyara, sannan ya ɗora masa kayan da ba nasa ba. Maganarsa a kan Turawa da Larabawa da 'yan Sin gaskiya ce. Cewa ba mu da ko ɗigo kuwa, tun 2020 aka warware ta. Batun tsantsa kuma bai taɓa zama gaskiya ga kowa ba.

Niyandatal mutane ne da suka zauna a Turai da yammacin Asiya na ɗaruruwan dubban shekaru, suka ɓace kimanin shekara 40,000 da suka wuce. Sunan ya fito ne daga wani kwari da ke kusa da birnin Dusseldorf a Jamus, inda masu fasa dutse suka tono ƙasusuwan ɗayansu a 1856. Gajeru ne kakkaura, masu faɗin ƙirji da babban hanci da tudun gira, kuma ƙwaƙwalwarsu ba ta gaza tamu girma ba. Kada kalmar "mutanen kogo" ta ruɗe ki, ke da kike koyon jinya. A kogon Shanidar da ke arewacin Iraƙi an tono wani dattijonsu da ya taɓa samun mummunan rauni a gefen fuska, hannunsa na dama ya shanye, yana ɗingishi, kunnensa kuma ya toshe. Raunukan duk sun warke tun yana raye, ya kuma kai shekara 40 ko fiye. Mutum irin wannan ba ya farauta, wasu ne suka ci gaba da ciyar da shi. A 2024 ma an ba da rahoton ƙashin kunnen wani yaronsu daga wani kogo a Sifen, wanda alamu suka nuna an haife shi da lalurar galahanga, amma ya rayu har shekara 6 aƙalla. Kin fi ni sanin irin ɗawainiyar da yaro irin wannan ke buƙata.

To yaya aka san an yi auratayya da su? Kusan kowace ƙwayar halitta a jikinki tana ɗauke da kundin gado, abin da ake kira DNA, mai haruffa kimanin biliyan 3 daga uwa da wasu biliyan 3 daga uba. Ki ɗauke shi kamar littafin malami da almajirai ke kwafa da hannu. Duk wanda ya kwafa sai ya ɗan yi tuntuɓen alƙalami a wani wuri, wanda ya kwafa daga gare shi kuma ya gaji tuntuɓen. In kika tara kwafi ɗari, ta waɗannan kurakuran za ki gane wane ya ɗauka daga wane. Zuriyarmu da ta Niyandatal sun rabu sama da shekara 500,000, kowa ya tara nasa kurakuran. Idan aka ga shafi guda cike da tuntuɓen Niyandatal a cikin kundin mutumin yau, an san daga inda shafin ya shigo.

Wahalar ita ce samun kundin nasu. Ana shiga ɗakin aikin ne a lulluɓe tun daga kai har ƙafa, safar hannu biyu, fuska a rufe, domin ɗigon gumin mai binciken ya fi duk abin da ya rage a ƙashin yawan DNA. Ana huda ƙashin da ɗan ƙaramin injin irin na likitan haƙori, a tara garin da bai kai gishirin da za ki ɗiba da yatsa biyu ba, a narkar da shi. Mafi yawan abin da ke fitowa na ƙwayoyin cutar da suka ci gawar ne a cikin ƙasa. Ɗan abin da ya rage na mamacin kuma ya dagargaje gutsi-gutsi, sai kwamfuta ta zauna tana haɗa shi. Svante Paabo, ɗan ƙasar Suwidin da ke aiki a cibiyar Max Planck a Laifzig, shi ya kwashe shekaru a kan wannan aiki. A 2010 shi da abokan aikinsa suka fitar da kundin Niyandatal na farko daga ƙasusuwa uku na kogon Vindija a Kuroshiya, a 2022 kuma aka ba shi kyautar Nobel ta fannin likitanci. Sakamakon ya nuna cewa mutanen da asalinsu ke wajen Afirka suna ɗauke da kashi 1 zuwa 4 cikin 100 na gadon Niyandatal, daga baya aka daidaita adadin zuwa kimanin kashi 1 zuwa 2.

Lokacin da abin ya faru ma an ƙididdige shi, ta hanyar da duk wanda ya ga rabon gona zai gane. Kaka ya bar gandu guda. 'Ya'ya suka raba, jikoki suka sake rabawa, kafin a kai tattaɓa-kunne kowa ɗan fegi ya rage masa. Haka shafukan Niyandatal ke gajarcewa a kowace haihuwa. Wani mutum da aka tono muƙamuƙinsa a kogon Oase a Romaniya, wanda ya rayu kimanin shekara 40,000 da suka wuce, shafukan da ke jikinsa dogaye ne ƙwarai, har aka lissafa cewa tsakaninsa da kakansa Niyandatal haihuwa 4 ce zuwa 6. A Disamban 2024 bincike biyu suka fito tare, ɗaya a mujallar Science, ɗaya a Nature, suka tsayar da babbar cuɗanyar a wajen shekara 47,000 da suka wuce, kuma ta ɗauki kusan shekara 7,000 ana yi. Wato bayan wani rukuni ya fita daga Afirka ne ya gamu da su, galibin zato a Gabas ta Tsakiya, kafin zuriyarsa ta watsu duniya. Shi ya sa ɗan Japan da ɗan Faransa duk suka gada.

Yanzu ga inda mai bidiyon ya makara. Hanyar da aka fara bi wajen neman shafukan Niyandatal tana buƙatar ma'auni, wato wasu mutanen da za a ɗauka cewa ba su da komai, a gwada sauran da su. Yarabawan Ibadan aka fi ɗauka. Duk shafin da aka gani a jikin Bature, aka kuma gan shi a jikin Bayarabe, sai kwamfuta ta jefar da shi, ta ce wannan ba na Niyandatal ba ne. Kamar mai awo ne ya saita sikelinsa a sifili da kwano a kai, ya dawo yana shelar cewa kwano ba shi da nauyi. A farkon 2020 masu bincike a jami'ar Princeton ta Amurka, ƙarƙashin Joshua Akey, suka fito da hanyar da ba ta buƙatar wannan ma'aunin, suka duba mutum 2,504 daga sassan duniya. Sai ga shi 'yan Afirkan da ke ciki suna da kimanin haruffa miliyan 17 masu kama da na Niyandatal, wato kashi 0.3 cikin 100, yayin da Turawa ke da kimanin miliyan 51. Kaɗan ne, amma ba sifili ba.

Ta hanya biyu ya zo. Ta farko, hanyar fita Afirka ba ta taɓa zama ta tafiya babu dawowa ba. Jikokin waɗanda suka fita sun yi ta komowa ta Masar da Bahar Maliya da arewacin Afirka cikin dubban shekaru, suna ɗauke da abin da kakanninsu suka kwaso. Ta biyu ta fi ban mamaki. Tun kimanin shekara 250,000 da suka wuce wasu mutane irinmu sun riga sun fita, sun haihu da Niyandatal, zuriyar ta narke a cikinsu. Binciken da ya fito daga jami'ar Pennsylvania a 2023 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 6 cikin 100 na kundin wata Niyandatal da aka tono a tsaunukan Altai daga wajenmu ya fito. Saboda haka wani ɓangare na kamannin da ake gani tsakaninmu da su, namu ne a jikinsu.

Game da Hausawa: a cikin mutum 2,504 ɗin nan akwai Yarabawa da Esan daga Najeriya, da Mende daga Saliyo, da mutanen Gambiya, da Luhya daga Kenya, babu Bahaushe ko ɗaya. Duk wanda ya ba ki wani adadi ya ce na Hausawa ne daga wannan binciken, shi ya ƙirƙiro shi. Amma maƙwabtanmu da tarihin ƙasarmu sun isa su nuna mana inda aka dosa. Wancan binciken na 2023 ya samu shafukan Niyandatal na gaske, irin waɗanda masu komowa suka shigo da su, a jikin Fulanin Kamaru da Amhara na Habasha. Wani bincike na 2016 a Chadi ya ga irin wannan a jikin Tubawa. Mu kuwa ina aka taɓa gina katanga tsakaninmu da Fulani da Buzaye da Barebari da Larabawan Shuwa? Ki leƙa gidan ku kawai ki ƙirga kakanni.

Akwai wata shaidar da ta fi kusa da mu. Ɗa namiji yana gadon wani guntun kundi daga ubansa kaɗai, shi ma daga nasa uban, kamar sunan gida. Wani reshe na wannan gadon, mai lamba R-V88, ya yi yawa a tsakanin masu magana da harsunan dangin Chadi, wanda Hausa ce babbarsu. A wasu ƙabilun duwatsun Mandara a arewacin Kamaru ya haura kashi 90 cikin 100 na maza, a cikin Hausawa kuma ana samunsa, ko da yake bai kai haka ba. Danginsa na kusa suna Turai da yammacin Asiya, tsofaffin gawarwakin da aka same shi a jikinsu ma na Turai ne. Shi wannan guntun ba na Niyandatal ba ne, amma yana nuna cewa wasu maza daga can sun iso ƙasashen tafkin Chadi tun da daɗewa. Na san abin da zai zo miki a rai, don ɗalibaina ma da na faɗi haka sai su ce ai Bayajidda ke nan. A'a. Wannan ƙaura ta girmi birnin Bagadaza da dubban shekaru, shi da aka gina a 762.

Ta ina suka bi? Ta Sahara, lokacin da take kore. Tsakanin kimanin shekara 14,500 zuwa 5,000 da suka wuce, inda yau rairayi ne zalla akwai ciyawa da tafkuna da dorina. A Gobero da ke cikin Tenere a Nijar an tono maƙabartar mutanen da suka zauna bakin tafki suna kamun kifi. A Dufuna ta jihar Yobe wani Bafulatani mai haƙa rijiya ya ci karo da kwalekwale a 1987, aka auna aka ga ya kai kimanin shekara 8,000. A Afrilun 2025 kuma aka karanta kundin wasu mata biyu makiyaya da suka rasu kimanin shekara 7,000 da suka wuce a Takarkori, kudu maso yammacin Libiya, gawarsu ta bushe ba ta ruɓe ba. Su ma suna da gadon Niyandatal, kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da mutanen wajen Afirka ke da shi.

Niyandatal ma ba su kaɗai ba ne. A 2010 aka karanta DNA daga ɗan guntun ƙashin yatsar wata yarinya da aka tono a kogon Denisoba a Saberiya, sai aka ga ba tamu ba ce, ba ta Niyandatal ba ce, wasu mutane ne na uku. Mutanen Papuwa Niyu Gini suna da gadonsu har kusan kashi 4 zuwa 5 cikin 100, 'yan Tibet kuma daga wajensu suka gaji abin da ke hana jininsu kauri a kan tsaunuka inda iska ba ta da ƙarfi. Shekara 15 ana magana a kansu ba a san kamannin fuskarsu ba, sai a Yunin 2025. Wani ƙoƙon kai ne daga Harbin a arewa maso gabashin Sin, wanda iyalin wani lebura suka ce kakansu ya tsinta a 1933 wurin aikin gada, ya ɓoye shi a rijiya, bai faɗa ba sai dab da rasuwarsa. Ƙoƙon ya kai shekara 146,000 aƙalla. An nemi DNA a ƙashin da haƙorin an rasa, sai masaniyar nan Qiaomei Fu ta kankaro dattin da ya daskare a jikin haƙorin guda da ya rage, a nan aka samu, aka tabbatar ɗan Denisoba ne. Da mutumin yana yin asuwaki da wataƙila har yau ana musu.

Sai maganar tsantsa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A watan Fabrairun 2020 wasu masana biyu a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles suka duba kundin Yarabawa da Mende da wasu al'ummun yammacin Afirka, suka ce kashi 2 zuwa 19 cikin 100 na gadonsu ya fito ne daga wasu tsofaffin mutane da suka rabu da zuriyarmu tun kafin Niyandatal su rabu da ita. Ba a da ƙashinsu ko ɗaya da aka karanta, shi ya sa ake ce musu fatalwa. Ban ɗauki wannan a matsayin magana yankakkiya ba, domin a 2023 wasu sun nuna cewa ana iya samun irin wannan alama ba tare da wata fatalwa ba, idan al'ummun Afirka na farko sun daɗe suna rabuwa suna sake haɗuwa. A 2025 kuma masana a Kambirij suka ce dukkan 'yan Adam na yau haɗin rukuni biyu ne da suka rabu kimanin shekara miliyan 1.5, suka sake cuɗanya wajen shekara 300,000 da suka wuce, ɗaya ya ba da kashi 80, ɗayan 20. Suna saɓani a kan lissafi, amma babu ko ɗayansu da ya samo zuriyar da ba ta gauraya ba. Abin da za mu iya tinƙaho da shi na gaske daban ne: Afirka ta fi ko'ina yawan bambancin gado, domin waɗanda suka fita ɗan tsagi ne suka ɗiba daga rumbun.

Kashi 1 zuwa 2 ɗin nan na Niyandatal kuma ba ya sa mutum ya fi wani ko ya gaza shi. A yawancin wurare ba ya yin komai. Inda yake aiki, yakan zama kaifi biyu. A 2020 aka gano cewa wani shafi na Niyandatal yana ƙara haɗarin kwanciya rai a hannun Allah idan mutum ya kamu da korona. Kusan rabin mutanen kudancin Asiya suna da shi, a Bangaladash ya haura kashi 60 cikin 100, a Turai kimanin 16, a Afirka kuwa kusan babu. Shi wannan shafin dai, bayan shekara biyu, aka ga yana rage haɗarin kamuwa da ƙanjamau da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Kin san irin wannan ciniki a asibiti: mai AS yana samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, mai SS yana shan wahala.

Ita kuma abokiyarki mai maganar addini, ki gaya mata cewa ƙashi ba ya zuwa da suna. Na'urar ɗakin bincike tana iya cewa wannan ya rayu shekara kaza, kuma danginsa su wane, amma ba ta iya cewa wannan ya zo kafin Annabi Adamu (AS) ko bayansa, ko yana cikin zuriyarsa ko ba ya ciki. Wannan fagen malaman addini ne, kuma sun yi magana iri-iri a kai. Abin da ya fito fili ya saɓa wa abin da aka karantar da mu shi ne ƙarshen maganar mai bidiyon, tunda a huɗubar ban-kwana an gaya mana Balarabe bai fi wanda ba Balarabe ba, fari bai fi baƙi ba, sai da taƙawa.

Abin da ke damuna ni a wannan fage shi ne yadda namu labarin ya fi na kowa ƙarancin shaida, alhali nan ne tushen. Ƙoƙon kan da ake kira Toumai, wanda aka tono a hamadar Djurab ta Chadi a 2001 ya kai kimanin shekara miliyan 7, ƙasusuwan Jebel Irhoud a Maroko kuma, mafi tsufa da ake dangantawa da irinmu, shekara 300,000. Amma zafi da laima suna cinye DNA. A Sifen an karanta na shekara 430,000, a Afirka kudu da Sahara kuwa mafi tsufa bai wuce kimanin shekara 18,000 ba, daga Tanzaniya. A yankinmu abin da ake da shi shi ne yara huɗu na Shum Laka a Kamaru, biyu na shekara 8,000, biyu na 3,000. Ko a manyan binciken gado na masu rai, 'yan asalin Afirka ba su wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na waɗanda aka gwada ba.

Ga kuma ƙoƙon kan Iwo Eleru, wanda Thurstan Shaw ya tono a 1965 kusa da Akure a jihar Ondo ta yau. Da aka sake nazarinsa a 2011 aka ga shekarunsa kimanin 13,000 ne kacal, jiya-jiya a wannan lissafi, amma siffarsa doguwa ce mai kwantaccen goshi, irin ta mutanen da suka girme shi da shekara 100,000. Ba a karanta kundinsa ba. Sai dai furotin ya fi DNA jure zafi, musamman wanda ke kulle cikin farin ɓawon haƙori. A 2025 wata tawaga da masaniyar Afirka ta Kudu Palesa Madupe ke ciki ta ciro shi daga haƙora huɗu masu kimanin shekara miliyan 2 a kogon Swartkrans, har ta bambance namiji da mace. Wannan dabara ce nake jiran ranar da za a gwada ta a kan ƙasusuwan yammacin Afirka, a fara da na Iwo Eleru.